Agidi a Gindin Gora

A shekarar da kamfanin casar shinkafar da nake wa aiki ya sayo sababbin injuna daga Barazil, sai aka haɗo mana su da mutum guda wanda zai kafa su, ya kuma koya wa ma'aikatanmu yadda ake tayar da su. Manaja ya kira ni ofis ya ce ni zan riƙa kula da baƙon. Ba don na fi kowa Turanci ba. Cewa ya yi bakina ba ya hutawa, saboda haka baƙo ba zai yi kaɗaici ba. Na karɓa da murna, domin a lokacin gani nake babu ɗan Adam ɗin da ba zan iya sa shi dariya ba. Na taɓa ba ɗan sanda dariya a hanyar Bida har ya manta laifin da ya tsayar da ni a kai, ya koma yana ba ni haƙuri. Ban san aikin da na karɓa zai tsufar da ni ba.

Da na je ɗauko shi a Abuja, Bature nake nema. Na tsaya ina leƙen duk mai jan kunnen da ya fito, har wani ya fara riƙe jakarsa da kyau. Can sai ga wani dogon mutum baƙi wuluk, wanda in na tsaya kusa da shi sai a ɗauka ni Balarabe ne, ya hango sunansa a takardar da nake riƙe, ya nufo ni ya rungume ni har ƙasusuwana suka yi ƙara. Ya kira ni ɗan'uwansa. Turancinsa a karye yake, nawa kuma a gurguje, amma muka jingina su da juna suka tsaya. Tun daga Suleja har muka shigo Minna bai ɗauke ido daga taga ba. In ya ga mace da kaya a ka sai ya ce kamar gwaggonsa, in ya ga dattijo a kan benci sai ya ce kamar kawunsa. Kafin mu iso gari ya gano danginsa sun fi ɗari, ba wanda ya san da zuwansa.

Mako bai zagayo ba duk wurin aiki suka sa masa Bature. 'Yan Keke Napep suna kiransa Bature, masu lemo suna kiransa Bature. Ya tambaye ni ma'anar kalmar, na gaya masa. Ya miƙa hannunsa kusa da nawa ya ce in duba. Na ce masa a nan ba fata ake dubawa ba. Duk wanda ya sauko daga jirgi, yake tafiya da sauri ba tare da an biyo shi ba, kuma yake tambayar ko an tafasa ruwa, to Bature ne. Bai yi dariya ba. Mu da muka saba da shi muka tsaya a kan Injiniya.

Otal ɗin da kamfani ya kama masa bai yi masa ba. Ya ce bai haye teku don ya zauna da na'urar sanyaya ɗaki ba, cikin mutane yake so. Da ya ji akwai ɗaki a gidan da nake haya a Fadikpe, sai ya nace. Gidan irin na ɗakuna a jere ne, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, da igiyar shanya ɗaya wadda ta haddasa yaƙe-yaƙen da tarihi bai rubuta ba. Mai gidan Alhaji ne, Bakatsine, tsohon ɗan kasuwar hatsi, kullum yana ƙofar gida a kan buzu. Babbar 'yar haya kuwa Mama ce, 'yar Kudancin Kaduna, nas mai ritaya, shugabar zumuntar mata a cocinsu. Alhaji yana ƙorafin waƙoƙin da matanta suke koyo a tsakar gida, ita tana ƙorafin rediyonsa. In Alhaji ya ce rana ta fito, sai Mama ta leƙa waje ta tabbatar.

Safiyarsa ta farko a unguwar na kai shi wurin mai ƙosai a bakin titi. Yana ganin kaskon ya tsaya cak, ya cire hularsa, ya sunkuya ya taɓa ƙasa. Ya ce a garinsu, Bahiya, wannan abincin ibada ne, matan da suke soya shi fararen kaya suke sawa, kuma da shi kakarsa ta raine su.

Mai ƙosai ta dube ni ta ce, "Malam, baƙon naka lafiyarsa ƙalau?"

Na ce, "Lafiya lau. Girmama ki yake yi."

Ta ce, "To ya girmama ni daga gefe, yana tare min masu saye."

Maganar addininsa ce ta fara rikita gidan. Ranar Juma'a ya fito cikin fararen kaya tun daga sama har ƙasa. Alhaji ya yi hamdala ya aika masa da carbi. Ranar Lahadi ya saka kwat ya tafi cocin Katolika. Mama ta ce ko da ba cocinsu ba ne, hanya dai ta miƙe, ta aika masa da farfesu. Sai kuma wata safiya aka gan shi a bakin rijiya ba riga, da tsakiya fara da shuɗiya a wuyansa, layi-layi har ciki. Daga ranar carbi ya tsaya, farfesu ma ya tsaya.

Na ce masa, "Injiniya, wai kai wane layi kake bi?"

Ya ce a wurinsu ba sai mutum ya jefar da addinin uwarsa ba kafin ya riƙe na fadan coci. Ya ce da aka hana kakanninsu bautarsu, sai suka ɓoye ta a bayan hotunan waliyyan coci, har abubuwan biyu suka saba da juna. Na ce masa a Minna layi ɗaya mutum yake bi, ko a gidan mai.

Wani yammaci bayan mun taso daga aiki muna zaune a benci, ba wuta, zafi kamar an kifa mana tukunya, ya ce da ni, "Ɗan'uwa, kai sau nawa a rana kake tuna cewa kai baƙar fata ne?"

Na yi tunani na ce ban taɓa ba. Abin da nake tunawa in na farka shi ne babu ruwa a famfo, kuma yara suna bukatar karin kumallo.

Ya ce shi tun safe har ya kwanta ake tuna masa. In ya shiga kanti mai gadi ya biyo shi. In ya je gyaran inji a babbar gona, da takardar digirinsa da komai, sai a nuna masa ƙofar baya. In kakarsa ta fito da fararen kayanta da tsakiyarta, wasu su tofar da yawu su ce 'yar shaiɗan. Ya ce abin da ya riƙe su shi ne ɗakin ibadar kakar, domin a can ne kaɗai ake gaya musu cewa suna da asali, ba daga cikin jirgin ruwa suka tsiro ba.

Daga nan ya gaya min abin da ya kawo shi, wanda injuna hanya ce kawai. Macen farko a zuriyarsu, wadda aka kamo aka hayar da ita teku, ba wanda ya san sunanta. Abin da aka sani kawai 'yar Tapa ce. Kowace shekara suna dafa mata agidi fari, a naɗe a ganyen ayaba, a kai gindin gora a ajiye mata. Kakarsa kafin ta rasu ta ce matar nan ta daɗe tana cin abinci a baƙunta. Duk wanda Allah ya kai ƙasar Tapa a cikinsu, ya ajiye mata agidi a kan ƙasar, ta ci a gida ko sau ɗaya ne. Shi ne na farko da ya zo, kuma ba ya jin wani zai sake zuwa.

Ni na san Yarbawa Tapa suke ce wa Nufawa, kuma matata Banufiya ce. Na ce masa ai ya faɗo daidai, Nufawa a Minna in ka jefa dutse sama a kan ɗayansu zai sauka. A raina na ce agidi ne fa kawai. Abin da ya fi wannan nauyi na ɗauka a kan babur.

Da labari ya kai kunnen Alhaji cewa baƙon Banufe ne, murna ta kama shi. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa. In suka haɗu sai kowa ya ce ɗaya bawansa ne, a yi dariya, a raba goro. Alhaji ya daɗe yana neman hanyar da zai jawo baƙon a jiki bai samu ba, ga ta ta zo. Cikin 'yan kalmomin Turancin da ya tsinto a kasuwa akwai kalmar bawa. Injiniya na dawowa daga aiki Alhaji ya nuna shi da yatsa, ya faɗe ta da ƙarfi, ya nuna ƙirjinsa, ya miƙa masa buta yana ƙyalƙyala dariya.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu a tsaye ba sai ranar. Ya dubi butar, ya dubi Alhaji, ya wuce ɗakinsa ya rufe.

Alhaji ya ce, "Malam, me na yi? Ni fa karrama shi na yi. Ba kowa nake wa wannan ba."

Na bi shi ɗaki na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Na ce wannan wasa ne na zumunci, wanda aka ce wa haka an ɗauke shi ɗan gida. Na ce abin da zai yi shi ne gobe ya rama, ya ce wa Alhaji kai ne bawana, shi ke nan sun ƙulla. Ya ce bakinsa ba zai iya furta wannan ga ɗan Adam ba. Ya ce, "Ku kun iya wasa da kalmar saboda ku kuka rage a gida." Can ya ƙara da cewa, "Ɗan'uwa, Turawa a bakin teku suka tsaya. Wa ya kai kakarmu ta farko wurinsu?"

Na tashi na fita na ja masa ƙofa. Washegari Alhaji ya aika masa da goro da kwanon fura. Ya karɓa ya yi godiya. Amma daga ranar in zai wuce ƙofar gida sai ya ƙara sauri.

Matata ce ta ce mu kai shi wurin mahaifiyarta a Ketaren Gwari. Nna muke ce mata. Mutuniyar Bida ce, ta yi shekaru tana fataucin busasshen kifi, ta je Makka ta dawo da haƙorin zinariya da kuma ra'ayi a kan komai. Ni duk surutuna in na shiga gidanta sai in zama bebe; a bakin ƙofa nake tsugunawa in gaishe ta ina kallon takalmana. Injiniya kuwa yana ganinta ya kwanta rub da ciki, goshinsa a ƙasa.

Nna ta ce, "Wannan an koya mishi gaisuwa." Ta ɗan dube ni. "Ba kamar wasu ba."

Na fassara mata labarinsa tiryan-tiryan. Ta saurara tana gyaɗa kai, har ya zo kan wani abu da suke girmamawa a ɗakin ibadarsu, wanda suka ce daga Tapa ya zo: dogon dodo na ƙyalle, ba hannu ba ƙafa, yana miƙewa ya fi rufin ɗaki, ya kuma dawo ya gajarce. Ya tashi yana kwatantawa da hannu. Nan take fuskar Nna ta rufe.

Ta ce, "Na san shi. Ina yarinya in ya fito, mu mata cikin ɗaki muke gudu. Shi yana can yana marmarinshi, mu nan tsoronshi muka sha. Gaya mishi mun bar wannan. Na je gaban ɗakin Allah na roƙa wa iyayena gafara, ba zan dawo in buɗe abin da na rufe ba."

Ya ce ba dodon yake nema ba. A nuna masa wuri kawai, gari ko gindin itace, inda zai ajiye abincin.

Ta ce, "Ƙasa duk na Allah ne." Ta sa aka kawo masa tuwon shinkafa da miyar wake, ta tsare shi sai da ya cinye. Magana ta ƙare.

Bayan wannan na yi yawo da shi har tayoyin babur ɗina suka yi sanƙo. Duk inda muka je, ko dai a yi masa wa'azi, ko a yi masa tayin wasa. Wani ya ce zai tara matasa a ɗinka dodon a fito masa da shi ranar Asabar ya ɗauki hoto. Injiniya ya ce shi ba kallo ya zo ba. Ana cikin haka injuna suka tashi, shinkafa ta fara zuba fara tas, manaja ya fara maganar tikitin komawa.

Bai gaya min zai yi abin shi kaɗai ba. Na dai ga ya kai farar masara injin niƙa, na ga ya roƙi ganyen ayaba a maƙwabta, na ɗauka kwaɗayi ne. A bayan gidajenmu akwai ɗan rafi inda mata suke wanki, da kurmin gora a gefensa. Wata ranar Juma'a da safe kafin mu tafi aiki ya je can ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗora farin faranti da agidi, ya ajiye kofin ruwa, ya kunna kyandir. A garinsu, in ji shi, mai wucewa in ya ga haka sai ya kauce cikin ladabi. A Fadikpe kuwa, farin ƙyalle da kyandir a bakin rafi ma'anarsu ɗaya: an yi wa wani asiri, saura a gano wa.

Da muka dawo da yamma, tun daga bakin layi na ga taro. Kowa ya riga ya gano cewa shi aka nufa. Matar da ɗanta yake fama da zazzaɓi ta ce ɗanta ne. Mai shagon da cinikinsa ya ja baya ya ce shagonsa ne. Wani da matarsa ta yi yaji tun kafin Injiniya ya san akwai Najeriya ya ce yanzu ya gane. Matasa sun riga sun shure farantin cikin rafi. Mama ta zazzaga man zaitun a wurin ta yi addu'a da ƙarfi, wani malami ya tofa nasa a ɗaya gefen. Tunda nake a unguwar ban taɓa ganin ɓangarorin biyu sun yi aiki tare cikin irin wannan haɗin kai ba.

Da suka hango shi sai hayaniya ta tashi, wasu suka fara matsowa. Na ga wani yaro da guntun bulo a hannu. Na fara magana, ina rantsuwa, ina kawo barkwanci, ba mai ji. Alhaji ne ya taso daga buzunsa, ya ja Injiniya ta hannu ya tura shi cikin zaure, ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa.

Ya ce, "Wannan Banufe ne, abokin wasana ne. Ni kaɗai nake da ikon zaginsa a unguwar nan. Wanda ya isa ya zo ya wuce ni."

Ba wanda ya isa. A hankali taro ya watse. Amma da muka shiga ciki, Alhaji ya ce in gaya masa kada a sake, in an sake ba zai iya tare ƙofa sau biyu ba. Mama ta ce, "Gaskiya Alhaji ya faɗa." Su biyun suka dubi juna, kowa ya ji kunyar yarda da ɗan'uwansa.

Injiniya ya zauna a bakin gadonsa. Na ce masa ai ya cika alkawari, ya ajiye, abin da ya biyo baya ba laifinsa ba ne. Ya girgiza kai. Ya ce ƙa'ida ita ce a bar abincin ya huce a faranti, da yamma a juye shi a ƙasa. Bai taɓa ƙasa ba. Ya ce, "Cikin ruwa suka zuba shi. Ruwa ne ya tafi da ita tun farko."

Na fita na bar shi. Na gaji da fassara, na gaji da ba kowa haƙuri a madadin kowa. Ni Musulmi ne, na san abin da aka koya min game da ajiye wa matattu abinci. Na kuma ga mutum mai furfura a gemu zai koma gida ya gaya wa danginsa cewa ya je ƙasarsu an kore shi da bulo.

Matata ta kai wa Nna labari, kamar yadda take kai mata labarin komai har da yawan naman da nake ci. Sai ga saƙo: mu zo. Muka je muka tsuguna.

Nna ta ce, "Gaya mishi a nan in ana so a ciyar da wanda ya mutu, masu rai ake ba. Juma'a mai zuwa zan yi sadaka saboda matan nan. Shi zai dafa da hannunshi, yadda kakanshi ya koya mishi. A gidana za a ci."

Na fassara. Ya yi godiya, sannan ya ce a hankali, amma sai abincin ya taɓa ƙasa. Na so in haɗiye wannan, sai na ga tana kallon bakina. Na faɗa mata.

Ta ce, "Na ji."

Kafin ranar Juma'ar ya kwana biyu yana shiri. Ya jiƙa masara, ya tace, ya dama a babbar tukunya a tsakar gidan Nna, matan gidan suna tsaye suna gyara masa riƙon muciya yana ƙin gyaruwa. Nna ta sa aka yi miyar kifi. Bayan an sauko daga masallaci mutane suka taru: maƙwabtanta, jikokinta, Alhaji da sandarsa. Har Mama ta zo, da cokalinta a jaka, ta ce ita a kan nata kason za ta yi addu'arta. Aka shimfiɗa tabarmi a inda siminti ya ƙare, ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

Malamin da Nna ta kira ya tambayi sunan mamaciyar. Na ce ba a sani ba. Ya tambaya ko Musulma ce.

Nna ta ce, "Wa ya sani? Mutumin mu ne. An tafi da shi ba a dawo da shi ba."

Malam ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya ji ƙan magabata, waɗanda aka san kabarinsu da waɗanda ba a sani ba. Aka shafa. Injiniya yana tsaye a gefe cikin fararen kayansa, hannu a ƙirji. Na san fuskarsa zuwa lokacin. Fuskar mutumin da aka yi wa alheri ce, wanda ba shi ya roƙa ba.

Aka kawo wa Nna na farko, kasancewar ita ce babba. Ta warware ganyen a hankali, ta gutsuro babban yanki, ta ɗago shi kamar za ta kai baki. Sai yankin ya suɓuce ya faɗi a ƙasa, a gefen tabarma, kan jar ƙasar gindin mangwaron.

Matata ta yunƙura za ta ɗauko tsintsiya.

Nna ta ce, "Bar shi."

"Nna, mutane za su taka."

"Na ce a bar shi. Hannuna ne ya tsufa."

Ta jawo kofin ruwa ta ɗauraye yatsunta a daidai wurin, ruwan ya zuba a kan agidin ya nutse cikin ƙasa. Sannan ta sake gutsura ta yi bisimilla ta ci, ta ce gishiri bai ji a miyar ba.

Nna fa har yau ita take zura wa jikokinta zare a allura, kuma na taɓa ganin ta cafke kaza a guje da hannu ɗaya. Malam ya duƙufa a kan kwanonsa. Mama ta dubi sama tana nazarin 'ya'yan mangwaro. Alhaji ya buɗe baki, ya dube ni, ya cusa agidi a ciki.

Injiniya ya matso kusa da ni ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce hannunta ya tsufa."

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba, da fararen kayan nasa, ya jawo ganye guda ya warware ya fara ci. Bai yi kuka ba. Ya ci guda, ya ƙara, ya sake ƙarawa, kamar wanda ya shekara bai ga abinci ba.

Ban taɓa tambayar Nna ba. Ba a tambayar suruka irin wannan, kuma ko an tambaya na san amsar da zan samu. Ban sani ba ko abin da ta yi daidai ne a wurin Allah, ita ma ina jin ta kwana tana istigfari. Na dai san kaji ba su kusanci wurin ba sai da ta tashi daga tabarmar, domin sandarta tana gefenta.

Da aka watse muka je sallama. Injiniya ya sake kwantawa a gabanta, ya daɗe bai ɗago ba. Ta ɗora hannu a kansa ta yi wata magana da Nufanci wadda ba a ba ni in fassara ba, ni ma ban nema ba. Sannan ta juyo gare ni.

Ta ce, "Malam, kai shi gida ya kwanta. Ya gaji."

Ni ba wanda ya ce na gaji. Na tayar da babur, ya hau baya, muka kama hanyar Fadikpe. Kafin mu kai babban titi na ji kansa ya sauka a kafaɗata, nauyinsa kamar buhun shinkafa. Haka na tuƙa a hankali, hannu ɗaya a kan babur, ɗaya a baya ina riƙe da rigarsa kada ya faɗo.